Ƙafafun Shahata

Imbaba, Alƙahira

Zuwa ga Ummata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya gwiwar nan? Yaya mutanen Suhaj, manya da yara? Mu nan lafiya lau, in ban da taurin kan surukinki Shahata da ke neman kashe ni.

Kin san yana aikin ramin jirgin ƙasan da ake haƙawa a ƙarƙashin gari. To yanzu an mai da shi can bakin injin haƙar, shi ke canza masa haƙora idan ƙasa ta cinye su. Iska mai nauyi ake hurawa wurin don ta tare ruwa, kuma in mutum ya gama sai an kulle shi a wani ɗakin ƙarfe ana rage iskar a hankali kafin ya fito, in ba haka ba sai ta maƙale masa a jini, gaɓoɓi su kama ciwo. Duk wanda ya ce wa likitan kamfani gaɓoɓinsa na ciwo, an cire shi ke nan, ya koma dakon siminti. Shi ya sa kowa ya yi gum.

Shekaranjiya ya dawo yana jan ƙafa. Na ce ya koma ya faɗa, sai cewa ya yi, "Uwar Warda, likita na aura ko mata? Ɗora min ruwa." Wallahi Umma tsoro nake ji, shi kuwa ko a jikinsa. Ki yi masa faɗa, ke yana jin nauyinki.

A gaishe da Kawu Zaglul. Warda na gaishe ki.

'Yarki,
Sabah

Zuwa ga Ummata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ki yi haƙuri da shirun da na yi. Abin da nake gudu ya faru.

Ranar Alhamis ya fito daga rami bayansa na ciwo, ya ɓoye wa likita kamar kullum. Abokin aikinsa Girgis ya biyo shi har ƙofa yana cewa, "Kai jaki, zo mu koma su sa ka a ɗakin ƙarfe!" Ya ce sai gobe. Ya shiga wanka da ruwan zafi, can muka ji faɗuwarsa. Ashe zafi shi ke tayar da iskar da ta maƙale a jinin mutum. An faɗa wa ma'aikatan, shi ne bai taɓa faɗa min ba. Mutanen kamfani sun mai da shi ɗakin ƙarfen, amma an makara. Daga ƙugu zuwa ƙasa duk ya shanye, Umma. Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, in na dubi fuskarsa kuma sai kuka.

Jiya injin ya iso ƙarƙashin layinmu. Ba a jin ƙararsa, sai dai 'yar rawar ƙasa a tafin ƙafa. Da ya ji maƙwabta na zancen ta taga, ya ce in sauke masa ƙafafunsa ƙasa, shi ya san tafiyar injin. Na sauke su, na danna su a kan siminti da hannuna. Ni ina jin rawar har cikin gwiwata. Sai ya ce, "Ƙarya suke, bai iso ba tukuna. Mai da ni."

Na mai da shi kan gado.

Umma, ki zo. Ni kaɗai ba na iya ɗaga shi.

'Yarki,
Sabah