Filtar da Ka Aiko wa Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara maka juriya a wannan aiki da ya ɗauke mana kai. Mu nan muna nan yadda ka san mu. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma faɗa da kowa, ka kuwa san wannan ita ce alamar lafiyarta. Ni ma ina nan a kantin magani, ina fama da rubutun likitoci wanda ba na jin su kansu suna iya karanta shi. Na zaɓi in rubuto da hannu ne domin a waya kullum sauri kake yi, Baba kuma yana gefe yana kasa kunne.

Saƙonka ya iso. Da ka ga Baba ranar, da ka yi dariya. Sai da ya wanke hannu kafin ya buɗe kwalin, ya riƙe filtar, wato gilashin tace hasken, ta gefe-gefe kamar ƙwai, ya ɗaura ta a jikin madubinsa na hangen taurari, wanda har gobe Mama ba ta kiransa da komai sai Igwa. Ya ce in rubuto in gode maka, in ce ta yi aiki. Godiyar na isar. Sauran kuwa ba zan rubuta ba, domin ba ta yi ba, kuma ya kamata ka san dalili.

Ka ce ka je wurin mai sayarwa ka nemi gilashin da ke tare hasken fitilun titi, ka kwatanta masa fitilun layinmu, rawayen nan da suke mai da farar rigar makarantarmu ruwan ƙasa. Yaya, waɗannan fitilun sun daɗe da tafiya. An cire su an kafa farare masu kashe ido. Baba ya ce rawayar fitila launi ɗaya gare ta, shi ya sa gilashi ke iya rufe mata ƙofa ya bar hasken taurari ya wuce. Farar kuwa kowane launi yana cikinta, ba yadda za ka kore ta ba ka kori taurarin ba. Filin bayan gida da kuke buga ƙwallo ya zama gidan mai, ba sa kashe wuta har gari ya waye, ga wani ƙaton allon talla da ke sauya launi a saitin tankin ruwanmu. Yanzu a saman benenmu bayan isha'i kana iya zura zare a allura. Ka daɗe ba ka zo ba har ka saya mana maganin fitilar da ta mutu. Ban faɗa don ka ji haushi ba, amma ni na ji.

Ka san abin da Baba yake bi tun da ya ajiye gyaran agogo: hoton shuɗin hayaƙin nan da ke lulluɓe da taurarin Kaza da 'Ya'yanta. Ƙusar da ya buga a bangon falo don ya rataya hoton tana nan, Mama ta mai da ita wurin rataya makullai. Da na ga filtarka ba ta yi ba sai na shiga bincike, na tambayi masu irin wannan sha'awa a intanet. Wasu suka ce in nemo wata mai matsattsiyar ƙofa, wadda ba ta barin komai ya wuce sai ɗan siririn jan haske. Na kawo wa Baba labarin da murnata, ya yi murmushi irin na wanda ya riga ka sani. Ya ce wannan ta gajimaren sama ce masu ja, waɗanda ke ba da haskensu da kansu. Hayaƙin Kaza kuwa hasken aro ne daga taurarin, filtar za ta haɗiye shi tare da na gidan mai. Ya ce abin da yake nema ba shi da gilashi, duhu kawai yake so, duhu kuwa ba a sayar da shi a kanti.

Za ka ce mu ɗauke shi mu fita bayan gari. Na yi wannan tunanin, kuma a nan ne zan faɗa maka abin da ya hana a faɗa maka. Idonsa ne, ko mun kai shi duhun ba zai gani ba. Likita ta ce ciwon suga ya ci cikin idon, tsakiyar ganinsa ya tafi, gefen ma yana bi a hankali, kuma allurar da ake masa jinkirta abin kawai take yi. Ka tuna dabarar da ya koya mana muna yara, cewa tauraro mai rauni ba a kallonsa kai tsaye, sai ka kalli gefensa sannan ya bayyana? To haka yake kallonmu yanzu. In zai yi mini magana kafaɗata yake duba don ya ga fuskata. Baƙi suna zaton kunya ce ko tsufa. Ranar da na gane abin da yake yi, bayan gida na shiga na kunna famfo don kada a ji kukana.

Tun da ba ya ganin fuskar kwamfuta, aikin haɗa hoton ya dawo kaina. Yakan saita Igwa da lalube, domin hannunsa ya san kowane noti, kyamara ta yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, washegari da rana in zuba su a manhajar da ke jera su bisa juna don hasken mai rauni ya taru ya fito. Na gwada ta kyauta, na gwada wadda ka tura mini sunanta, na bi darussa har idona ya yi ja. Duk abin da ke fitowa toka-toka ne kamar bangon da ba a yi wa fenti ba. In na ja maɓallin share hasken gari, sai ya share har da ɗan abin da muke nema. In na ƙara haske, hoton ya cika da yashi.

Sai wani ya nuna mini sabuwar manhaja wadda ake ce mata mai basira. Kana ba ta hoto ta gane wane yanki na sama ne, ta gyara shi. Yaya, na danna sau ɗaya kawai sai ga Kaza da 'Ya'yanta tar, ga shuɗin hayaƙi yana kwance a kansu. Na kira Mama, ta yi ta hamdala. Na kai wa Baba har kujerarsa ina cewa an samu. Ya juya kai gefe ya daɗe yana duba, bai iya rabe komai ba sai shuɗin. Sannan ya ce in duba kusurwar hagu ta ƙasa, in gaya masa ko taurarin wurin suna da 'yar jela. Na duba na ce a'a, duk kewayayyu ne tsaf. Ya ce to ba hotonsa ba ne. Tun ranar da Igwa ta faɗi a matakala gilashinta ya ɗan karkace, kowane hoto da ta ɗauka taurarin wannan kusurwa jela suke fitarwa kamar talibambam. Ya ce manhajar ba ta samo hayaƙin a cikin abin da muka ɗauka ba, ta san yadda ya kamata ya kasance ne ta zana mana. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi in buɗe na gaskiyar.

Na buɗe. Toka ce, da 'yan ɗigo farare, da jelolin nan a kusurwa. Ya ce in kai a wanke guda biyu. Ɗaya ya sa Mama ta kwashe makullanta ya rataya a ƙusar falo. Ɗayan shi ne za ka gani a cikin ambulan ɗin nan. Bayan haka ya sa na sauko da Igwa, ya goge ta da kansa, ya mai da filtarka kwalinta, ya ce a ajiye maka su tare, wataƙila inda kake akwai sauran duhu. Tun daga ranar bai sake hawa bene ba, ni kuma ban sake kawo maganar ba, don ba ni da wata dabara da ta rage.

Ban rubuto don ka nemo wata filta ba, kada ka wahalar da kanka. Hoton ya wuce mu, na haƙura, shi ma ya haƙura. Abin da ya rage masa ɗan gefen idon nan ne, likita kuma ta ƙi ta yi mini alkawarin zai kai baɗi. Da yamma yakan sa kujera a tsakar gida ya fuskanci bango. Mama ta yi ta mita wai ya juya wa mutane baya, sai daga baya na lura cewa in ya zauna haka, ƙofar gida ce ke faɗowa a gefen da yake gani. Bai ce kai yake jira ba, ba kuma zai faɗa ba, ka san halinsa.

Mama tana gaishe ka, ta ce a gaya wa Anti ta riƙa kiranta. Kawu da Gwaggo suna miƙo gaisuwa. Ka shafa mini kan yara, musamman Auta da Baba bai taɓa gani ba sai a waya. In za ka zo, ka zo da ita, kuma ka zo da wuri. In ka shigo ka ga yana kallon kafaɗarka, kada ka gyara tsayuwa, ka tsaya nan inda kake.

Wassalam, taka har kullum,
Ƙanwarka.