Jan Gajimaren da ke Saman Katangar Alhaji Bube

Korgom, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Mahmudu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Shamsiyya da yara, da sanyin Faransar nan da ba ka gajiya da kukansa. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya sauko da wuri. Inna ta samu sauƙin ƙafa har tana leƙa kasuwa, ɗiyarmu Raihana kuma tana Maradi tana shirin jarrabawa.

Yaya, na'urar ɗaukar hoton da ka aiko wa Malam ta kusa zubar mana da mutunci, ita ce kuma ta wanke mu, shi ya sa na ce wannan godiya ta fi ƙarfin waya. Ka san halin mijin ƙanwar taka. Tun da ya aje alli ya bar koyarwa a lakwal, ba gona, ba hira, sai kallon sama. Ya gina ɗan ɗaki a kan soro da rufin kwano mai zamewa, ya girke madubin hangen taurarinsa a ciki. Da na'urarka ta iso, ya ce zai kamo wani jan gajimare da ke can cikin taurari, kusa da Kaza da 'Ya'yanta, wanda ido ba ya gani ko da madubin.

To, ka san a garin nan duk namijin da zai hau sama, ko magini ne, sai ya yi gafara sau uku don matan maƙwabta su kintsa. Malam, da duk iliminsa, bai yi ba. Ga zafi, kowa a tsakar gida yake kwana, ga Kaza ta karkata yamma, daidai saman katangar maƙwabcinmu Alhaji Bube. Kullum bayan isha'i bakin madubin na fuskantar gidansa. Ko ni ce, wallahi sai na yi zargi. Alhaji ya kai ƙara, mai gari da kansa ya hau soron ya sa ido a madubin, bai ga komai ba sai duhu da 'yan taurari. Malam ya yi ta bayani cewa hasken kaɗan ne, sai an tara shi kamar ruwan indararo a randa. Mai gari ya ba shi mako biyu ya nuna abin, in ba haka ba a rushe ɗakin. Ɗakin bai dame ni ba, Yaya. Amma in aka rushe shi, sunan mai leƙen matan mutane ya bi Malam ke nan har kabari. Mutanen da ya koya wa karatu suka fara sauya hanya in sun hango shi.

Sai ga wata sabuwa. Fitilar sola da Alhaji ya rataye a bangonsa tana dusashe kowane hoto, dare huɗu suka tafi a banza. Malam kuwa, girman kai ya hana shi roƙo. Na ce zama bai gan ni ba, na zura hijabi na shiga wajen Hadiza, matar Alhaji. Ta ce ita ba ta taɓa yarda leƙe yake yi ba, abin da ya ƙona mata rai shi ne a hau saman kansu ba ko gafara, kamar ba mutane ne a gidan ba. Gaskiya kuwa ta faɗa. Na dawo na zazzage wa Malam ita ba ragi. Washegari ya tsaya a gindin matakala ya kwarara gafara sau uku, har awakinmu suka zabura. Ba a jima ba fitilar ta yi ɗif. Ashe Hadiza ce ta kifa mata ƙwarya, ta ce wa Alhaji ƙwari take tara musu. Dare takwas tana yin haka. Allah ya biya baiwar Allah nan.

Kowane hoto minti uku na'urar take buɗe ido, kowane dare kafin Kaza ta faɗi yakan samu kamar arba'in. Ya tara sama da ɗari uku, ordinatir, wato kwamfuta, ya ɗora su kan juna. Ran Alhamis da yamma ya kai zauren mai gari, ni kuwa na laɓe a bayan zana, ba zan ɓoye maka ba. Kafin ya buɗe komai ya nemi gafarar Alhaji a gaban kowa, ya ce laifin hawa ba sallama nasa ne. Sannan ya nuna hoto guda, baƙi ƙirin. Ya nuna haɗaɗɗen, sai ga gajimaren dogo, ja kamar lalle a tafin hannu, taurari sun yi masa caa. Kowa ya matso yana kallo. Can Alhaji ya yi tasbihi, ya ce shekara sittin wannan abu na saman katangarsa bai sani ba, ya kuma ɗauki alhakin wanda ya sani.

Da magariba liman ya yi tafiya Tasawa, ana neman mai ba da salla. An ce Alhaji ne ya kamo hannun Malam daga sahun baya ya tura shi gaba. Ina bakin murhu na ji muryar Malam a lasifika yana Fatiha. Na zauna na yi ta kuka har tuwona ya kama.

Na gode, Yaya, Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ya rufa mana. Malam zai turo maka hoton. Ka gaida Shamsiyya da Sufyan da Sumaiya. Inna na sa maka albarka, Hadiza ma ta ce a gaishe ka.

Taka ƙanwa,
Ramatu