Idon Mai Haɗa Fenti

Laraba

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya, kuma kujerar falo ba ta karya maka wuya ba. Ya aiki, ya ciwon bayan nan naka? Ina tambaya ne don haka aka koya mini fara wasiƙa.

Na sa wannan takarda a aljihun rigar aikinka saboda in na buɗe baki a gabanka, maƙwabta za su ji abin da bai shafe su ba.

Ka san abin da ka yi, amma tunda ka iya fuskar wanda bai san komai ba, bari in tuna maka. Wannan ne karo na uku da likita ta dasa mana ƙwai a mahaifata cikin shekara bakwai da aurenmu. Ta hana ni gwaji a gida, na ce to, na fito na sayi tsinken gwajin ciki guda goma. Tun ranar Asabar nake tsoma ɗaya kowace safiya, in manna shi da salatif a bayan murfin kabad, in rubuta ranar a gefe. Layi na biyu ya fito, siriri, kamar an ja shi da fensirin da ya kusa ƙarewa. An ce in cikin na kamawa, kullum layin zai riƙa ƙara duhu.

Ranar Litinin na kira ka. Wa zan kira in ba kai ba? Kai ne ake kawo wa ƙofar mota daga nesa don ka haɗa fentin da zai dace da sauran jikinta. Kai ne ka mayar da labulen da na saya, wai ruwan tokarsa ba ɗaya ba ne da na kujeru, ni kuwa har yau ban ga bambancin ba. Na ce ka duba mini na Lahadi da na Litinin. Ka kai su bakin taga, ka karkata kai yadda kake yi a gareji, ka ce na Litinin ya fi duhu sosai. Sosai fa ka ce.

Da wannan sosai ɗin na kira Mama. Tsohuwar da na yi alkawarin ba zan ƙara gaya wa komai ba sai ciki ya fito fili, ita na sa ta kuka a waya tana yi mini addu'a.

Jiya aka ɗebi jinina, lambar sinadarin ciki ta fito arba'in da ɗaya. Likita ta ce ciki ne, amma ta so ganin ɗari ko fiye. In koma Alhamis a ga ko lambar ta ninka. Ta ce kada in yi murna, kada kuma in yi kuka. Na tambaye ta to me zan yi da fuskata har kwana biyu.

Da na dawo na titsiye ka, sai ka ce ai layukan ɗaya suke a idonka, ba ka so hankalina ya tashi ne. To ga shi ya kwanta, madalla da ƙoƙarinka.

Ka huta lafiya.
Matarka.

Alhamis

Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni dai ba lafiya nake ba, kuma kai ne sila.

Sittin da uku. Shekara tara ina koyar da lissafi, ba sai an gaya mini arba'in da ɗaya sau biyu ba sittin da uku ba ne. Likita ta ce lambar ta hau, amma hawan rago. Mai yiwuwa cikin ya zauna, mai yiwuwa ya zube, mai yiwuwa kuma ya maƙale a wajen mahaifa, don haka in na ji ciwo a gefe ɗaya in garzayo. In ba haka ba, sai Asabar. Daga asibiti na wuce makaranta, na tsaya gaban allo ina raba wa yara lambobi, duk amsar da na rubuta sai in ga sittin da uku a cikinta.

Ina cikin ofishin malamai Yayarka ta kira tana ta barka, har da tambayar me nake sha'awar ci. Mama ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwarta ta haɗu da Yayarka a kasuwa. Na ce na gode. Ka taɓa amsa barka kan abin da ba ka san ko yana raye ba? Ka gwada wata rana, akwai daɗi.

Duk wannan na haɗiye shi. Amma da na dawo gida na buɗe kabad, ba tsinke ko ɗaya, sai tabon salatif a jere. Ashe ka shigo bayan fitata ka kwashe su. Sannan ka ajiye mini shayi a fulas kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi.

Wa ya aike ka? Cikina ne aka huda da allura har sai da na rasa inda zan ɗaura zani. Ni ce nake kwanciya a gadon nan mai sanyi ina kallon silin. Abu ɗaya da ya rage mini in riƙe a hannu shi ne waɗannan tsinkayen, su ma ka ga sun yi mini yawa. Na san abin da za ka ce, wai kallonsu yana cin raina. Raina ne, bar shi ya ci.

Ka dawo mini da kayana kafin gobe. Shayinka yana nan inda ka bar shi.

Wassalam.
Wadda ka mayar ƙaramar yarinya.

Juma'a

Maigida,

Barka da asuba, da fatan an tashi lafiya.

Na ga saƙo a ƙarƙashin ƙofa. Ka jera su a kan farin katin nan da kake gwada fenti a kai, ka kwafe ranakun da rubutunka, ko ɗaya bai karkace ba. Aiki ya yi kyau, ba wanda ya taɓa cewa ba ka iya aiki ba. Sai dai ko kalma ɗaya ba ka rubuta ba, kuma kalma nake nema.

Na manna na yau a ƙasan na jiya, ga katin na dawo maka da shi. Ka kai shi gareji, ka duba shi a hasken rana yadda kake duba motar mutanen da kake jin kunyarsu. Ka rubuta mini a bayansa: ya ƙara duhu ko ya yi haske.

Kada ka ce ba ka sani ba, ka sani. Kada ka ce sai abin da likita ta faɗa, na san hanyar asibiti. Kuma in ka sake lallashina da ƙarya, wallahi gobe ni kaɗai zan je, daga can in wuce wajen Mama, kuma kada ka tambaye ni ranar dawowa. Zan iya zama da mijin da ban haifa masa ɗa ba. Ba zan iya zama da wanda zai dubi abu da idonsa ya gaya mini wani abu daban ba.

Matarka, zuwa yanzu.

Asabar

Maigida,

Ina kwana. Da fatan wuyan ya yi sauƙi.

Na karanta. "Ya yi haske." Kalma uku, a ƙasa kuma tawadar ta jiƙe ta bazu. Kada ka ce mini ruwan wanke burushi ne, na san warinsa.

Na tsane ka na kusan awa ɗaya, ina gaya maka ne don kada ka ɗauka gaskiya kyauta ce. Na jefar da katin, na zage ka, na ɗauko shi na goge, ga shi na haɗo maka da wannan takarda.

Ni ma na gani tun jiya da safe. Idona bai kai naka ba, amma ba makauniya ba ce ni. Abin da ya fi ƙarfina shi ne in zama ni kaɗai ce nake gani a gidan nan, kai kana tsaye a gefe kana yi mini murmushi.

Yau ban tsoma tsinke ba. Jini ne zai yi magana ta ƙarshe, kuma har yanzu akwai wani ɗan lungu a zuciyata da ya ƙi yarda da kai. Ka bar mini shi har azahar.

Ƙarfe takwas za mu fita. Kai za ka tuƙa, kai za ka zauna kusa da ni lokacin da likita za ta karanta lambar, kuma ko me ta ce, kai za ka kira Mama da Yayarka. Da bakinka aka fara, da shi za a gama.

Ban yafe ba tukuna. Ƙofar ɗaki ba a kulle take ba, amma ka ƙwanƙwasa. Ka taho da katin.

Taka,
Malamar lissafi.