Robar Ƙofar Gidanka Ta Raba Ni da Iyalina

Zuwa ga Alhaji, mai gidanmu na Kwamba, Suleja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da harkoki. Allah ya ƙara girma. Ni ne Sabi'u, ɗan hayarka na ɗakin ƙurya, mai sammakon zuwa aiki Abuja. Na so a ce a waya muka yi wannan magana, amma duk lokacin da na kira sai a ce kana cikin taro. Tunda taron ya ƙi ƙarewa, bari in shigo cikinsa da wannan takarda kowa ya ji.

Na ɗaya. Ka san wakilinka Malam Tanko ya yanko tif ɗin tayar mota ya ɗaura wa ƙofar gida, don ta riƙa rufe kanta saboda awakin maƙwabta. Wannan dabara ce, ban musa ba. To amma roba, ranka ya daɗe, ba ta yafiya. Duk ƙarfin da ka sa ka ja ta ajiye shi take yi, kana saki ta mayar maka da abinka. Duk wanda ya harbi tsuntsu da danƙo yana yaro ya san haka. Ya kuma san danƙo na gajiya: yau ja, gobe ja, ga rana, sai ya fara tsattsagewa, ya saki jiki, wata rana ya tsinke a fuskar mai shi.

Na biyu. Idan roba ta saki, mai hankali sabuwa yake nema. Malam Tanko kuwa ƙulli yake ƙara mata ta gajarce. Wato tsohuwar da ta gaji ita ake ƙara wa kaya. Yanzu ƙulle-ƙullen da ke jikinta sun fi na carbi, ta tsage ko'ina kamar diddigen mai faso, kuma sai ka haɗa da kafaɗa kafin ƙofar ta buɗe. Mu 'yan gida mun koyi zama da ita: ka tura, ka yi wuf, ka tsere. Ta taɓa tsinkewa ta tsula wa mai ruwa a kunne, har yau a waje yake dire mana jarka. Malam Tanko ya tsince guntun ya sake ɗaurawa. Da na kwance ta da hannuna, sai ya ce kayan gida ba na ɗan haya ba ne, ya mayar, ya ƙara ƙulli ɗaya na hukunci.

Na uku, kuma nan ne tura ta kai bango. Surukina ya taso daga Zariya don ya tafi da matata goyon ciki, kasancewar haihuwar fari ce. Dattijo ne siriri mai kamun kai, wanda tunda yake bai taɓa shiga gidan wani ba a amsa masa ba. Na sha'afa ban gargaɗe shi ba. Ya tura ƙofa da ƙyar, ya sa ƙafa ɗaya, sai ya tsaya cak zai yi sallama ya jira amsa, kamar yadda addini ya koyar. Ƙofar ba ta jira ba. Kafin ya kai "alaikum" ta same shi ta baya, ya shigo gidan 'yarsa a guje, babbar riga na tashi, hula ta yi gabas, shi kuma bai tsaya ba sai a cikin bahon wankin Maman Chidi, maƙwabciyata. Baiwar Allah tana ta "sori Baba, sori Baba", ni kuwa na durƙusa ina gaisuwa, na rasa ko fuskarsa zan kalla ko kumfar da ke gemunsa. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya koma ya daɗe yana duban robar nan, ya shafa tsagunta, sannan ya ce shi dai tsoho ne, ya ci zamaninsa, amma jikansa ba zai ratsa ta wannan ƙofa a bayan uwarsa ba. Ya ce goyo a baya yake, ƙofar kuma baya take nema. Gaskiya kuwa ya faɗa. Ya ɗauki 'yarsa suka wuce Zariya.

Alhaji, an haihu lafiya, namiji. An yi suna, an gama wanka, an yi arba'in tuni. Na aika a dawo min da iyalina, sai surukina ya aiko da tambaya ɗaya: an cire robar? Na je wurin Malam Tanko har da rantsuwa, ya ce sai da izininka. Yanzu ni ne kullum a teburin mai shayi, har ya daina tambayata abin da zan ci.

Don haka ina roƙo, don Allah ka ba da umarni a yanke robar nan a sa sakata, kowa ya rufe da hannunsa. Idan dole sai roba, a sa sabuwa mai tsawo, kuma a raba Malam Tanko da ƙulli. Maganar awaki kuwa na ɗauka, ni zan riƙa korarsu duk ranar da ba na aiki.

Allah ya ƙara maka arziki da lafiya, ya raya maka zuri'a, ya sa kana buɗe ido kullum ka gan su a gabanka. Ni nawa ɗan a waya nake ganinsa. Uwarsa ta ce ya fara dariya, kuma kowa a gidan ya samu rabonsa, har mai kawo musu nono. Ina so in samu nawa tun bai fara ƙiwa da ni ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sabi'u, ɗakin ƙurya.