Dutsen Taimamar Kaka Zara

Toranke, Ajingi

Zuwa ga Yayana Zunnuraini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da malamanka da abokan karatunka a can Oman. Allah Ya buɗa maka karatu, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Baba ya gama yankan gero, saura dawa. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, akuyarka kuma ta haifi biyu. Ni ma na fara zuwa sakandare. Ka san idan aka miƙo mini waya bakina rufewa yake yi, shi ya sa na rubuta, Muktar zai ɗauki hotonta ya tura maka.

Yaya, maganar koren dutsen nan ce da ka kawo wa Kaka Zara tsaraba da Babbar Sallah. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da ita, likita a Gaya ya hana ta yawan taɓa ruwa, sai ta koma taimama. Tsakar ɗakinta siminti ne, ga shi ba ta iya fita, don haka ta mai da dutsenka na taimama. Yana nan gefen filonta kullum. Ni nake miƙa mata idan an kira salla, ta buga tafinta a kai, ta shafa fuska da hannu. Har takan ce mazan wasu atamfa suke kawowa, nata mijin dutse ya ɗauko mata daga bayan teku, amma ta yafe maka tunda ya yi amfani.

Ranar Juma'ar da ta wuce Inna Hanne maƙwabciyarmu ta shigo dubiya. Ta ɗauki dutsen ta jujjuya, ta ce wannan santsi kamar sabulu ai ba na dutse ba ne, abin kamfani ne irin tayil. Na ji haushi, sai na ce mata a hankali dutse ne na gaske, kai ka ce zafi da ruwa ne suka dafa shi a cikin ƙasa har ya zama haka. Tana jin haka ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce ita a Islamiyya aka koya musu ba a taimama da abin da aka gasa a wuta, kamar tukunya ko jan bulo, ke nan duk sallolin da Kaka ta yi tun daga damina sai ta rama. Ba da mugunta ta faɗa ba, ita ma tsorata ta yi. Amma Kaka ta juya fuskarta bango ta yi ta hawaye. Ta ce ita da ko zama ba ta iyawa sai an tallafe ta, yaushe za ta rama wannan, kuma idan ajali ya zo kafin ta gama fa? Aka kawo mata yashi a faranti ta ci gaba da salla da shi, amma ta daina cin abinci. Ko kunu ta ƙi karɓa daga hannuna.

Da Baba ya ga haka ya ce a kai maganar wajen Liman Badaru, kuma ni zan bi shi, tunda ni ce na zauna kusa da kai ranar da kake bayanin dutsen, shi yana gona. Na ce a kira ka a waya, Muktar ya gwada ya gwada bai samu ba, ashe kun tafi cikin duwatsun da kuke karatu a kansu. Yaya, da muka shiga zauren Liman na tarar da dattawa a zaune, ji na yi kamar in koma gida da gudu. Liman ya ce in faɗi abin da na sani, na buɗe baki murya ta ƙi fita. Wani tsoho ya ce wa Baba ko dai kurma ya kawo musu, aka yi dariya. Sai na tuna Kaka da kofin kununta da ya huce a gefen gado.

Na tuna kai da faifai biyu ka nuna mana, to babu faifai a zauren, sai na kama bakin tabarmi biyu da ke gabana. Na ce ƙasar da muke takawa ɓawo ce kawai, a ƙarƙashinta akwai wani dutse mai nauyi da zafi, mai kauri ƙwarai, kuma wannan na Kaka daga can asalinsa yake. Na ce ɓawon ba guda ɗaya ba ne, falle-falle ne, suna motsi a hankali yadda ido ba ya gani. Na tura bakin tabarma ɗaya ƙarƙashin ɗayar, na ce haka ƙasan teku yake nutsewa a wasu wurare, yana tafiya da ruwa a jikinsa. Idan ya yi nisa, zafi da nauyi su matse ruwan ya fito ya shiga dutsen da ke samansa, shekaru masu yawan gaske, har dutsen ya sake kama, ya yi kore ya yi santsi. Na ci gaba da turawa har tabarmar sama ta tattare ta yi tudu, na ce haka aka turo shi sama ya zama tsauni, ka je ka tsinto. Duk wannan kaina yana ƙasa, tabarmar nake yi wa magana.

Liman ya tambaye ni wa ya hura wutar da ke can ƙasa. Na ce ba kowa, kai ka ce ko injin haƙa bai taɓa isa wurin ba. Ya karɓi dutsen ya kankare gindinsa da 'yar wuƙa, ya ga ciki da waje duk ɗaya ne, babu fenti. Sai ya ce abin da aka hana shi ne wanda ɗan Adam ya gasa da hannunsa har ya fitar da shi daga kamannin ƙasa. Wanda Allah Ya sarrafa a cikin ƙasarsa kuwa dutse ne kamar kowane dutse. Ya ce a gaya wa Hajiya Zara babu salla ko ɗaya a kanta. Tsohon nan da ya kira ni kurma ya ce in gyara musu tabarma kafin in tafi, kada in bar musu tsauni a zaure.

Da muka dawo Baba ya gaya mata, sai da ta sa ya maimaita. Ta miƙo hannu na ba ta dutsen, ta ga inda aka kankare ta ce Liman ya ji wa kayan mijinta ciwo. Daga nan ta ce ina kunun nan, ko so muke ta mutu da yunwa. Ta shanye, ta yi taimama ta yi la'asar. Da yamma Inna Hanne ta zo da ƙosai tana ba da haƙuri, har tana roƙon aron dutsen don tsohuwarta, Kaka ta ce ta yi haƙuri, wannan ba ya fita daga ɗakin nan.

Don haka idan za ka dawo ka taho da wasu, masu faɗi waɗanda tafi biyu za su hau. Liman ma yana son ɗaya saboda marasa lafiya. Kuma ka duba bayanina, inda na yi kuskure ka gyara mini. Akwai abin da aka tambaye ni ban sani ba, wato ina falle ɗin da ya nutse yake tsayawa. Ka rubuto mini, ina so in sani.

Baba da Inna suna gaishe ka, haka Muktar da Hussaina da Afra'u. Ka gaida abokinka Musbahu. Kaka ta ce in gaya maka ta fasa neman atamfa, dutsen ya isa, kai dai ka dawo ka same ta.

Ƙanwarka,
Batula Mala