Ni Na Kwance Madubin Mijin Yayata

Gwaggo mai filin shawara, don girman Allah ki taimake ni, kada tsawon wasiƙar nan ya sa ki ture ta gefe. Sau uku ina farawa ina yagewa. Wannan ta huɗun a kan tankin babur nake rubuta ta a gefen titi, har fasinja biyu sun tsaya na ce musu ba na aiki. Sati biyar ke nan na rasa inda zan sa kaina.

Hayar babur nake yi, shekarata tara a ciki. Muna da wurin tsayawa a bakin kasuwa, jikin rumfar wani mai faci, mu kusan goma sha biyar. In babu fasinja ba mu da aiki sai surutu, kuma kowa a cikinmu gwani ne. Wannan ya ce man da aka sha da sassafe ya fi auki. Wancan ya ce babur ɗin da bai taɓa faɗuwa ba bai gama zama babur ba. Wani dogo a cikinmu ya rantse burkin gaba ado ne kawai, mai neman ajalinsa ne ke taɓa shi. Ni kuwa, ba zan ɓoye miki ba, ni ne uban bakin wurin. In na fara zuba har masu kayan miya sai sun juyo.

Akwai abu ɗaya da duk muka yi ittifaƙi a kai: madubi na ɗan koyo ne. Duk wanda ya sayi sabon babur, tun kafin ya yage ledar kujera zai kwance madubai biyun ya jefa a ɗaki. Muna cewa suna hana mutum kutsawa tsakanin motoci in hanya ta cushe. Ni da bakina na sha faɗa cewa mai babur na gaske kunnensa ne madubinsa. Ki riƙe wannan maganar, Gwaggo, don ita ce take cina yanzu.

Bara aka rufe wurin buga takardun da mijin yayata yake aiki. Mutum ne mai sanyi, ya haura arba'in, 'ya'yansu huɗu. Ni na ba shi shawarar ya shigo sana'armu, ni na koya masa tuƙi a filin ƙwallo, ni na kawo shi wurinmu na ce ga ɗan'uwana. Sai ga shi ya zo da hular kwano ɗaure har haɓa, da madubai biyu, kullum safe ya zaro hankici ya goge su tas. Cikin kwana biyu aka raɗa masa suna Amarya, wai ba ya fita sai ya duba fuskarsa. Wa ya raɗa masa? Ni. Shi dai murmushi kawai yake yi. Kin san tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa, to ni na ɗauki wasan na wuce da shi gona da iri. A ƙasan raina kuma kunya nake ji, wai mutumina ne ake yi wa dariya.

Wata Talata da azahar ya tafi salla ya bar babur ɗinsa. Sauran duk sun watse da fasinja. Na ari sifana a wurin mai faci, na kwance madubai biyun, na cusa a aljihun rigar ruwata. Wallahi niyyata in ya dawo ya yi ta dube-dube mu yi dariya, in fito masa da su. Sai wata mata ta zo da kaya za ta wajen gari, na ɗauke ta, ruwa ya tsare ni a can, ban dawo ba ranar.

Washegari na tarar ana ta shewa, wai ɓarayi sun yaye Amarya. Ya zo ya gaishe ni kamar kullum, amma fuskarsa ba daidai take ba. Na lura yana tuƙi a hankali, yana ta juya wuya kamar wanda ya yi ɓatan kai. A nan ya kamata in miƙa masa kayansa. Ban miƙa ba. Na ce wa kaina bari in bar shi kwana biyu ya saba, gaba shi zai gode mini. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce.

Ranar Juma'a da hantsi, bayan ya sauke fasinja, ya zo zai kauce wa wata bas da ta tsaya a gabansa, ya karkata hagu, motar kaya ta taho ta baya ta kwashe shi. Waɗanda suka gani sun ce direban ya yi ta danna oda tun daga nesa, shi ko waiwaye bai yi ba. Ya karye a cinya, an sa masa ƙarfe. Allah ya sa ba kowa a bayansa.

A barandar asibiti yayata ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Tana kuka ta ce kunnensa na hagu ba ya ji ko kaɗan tun wani zazzaɓi da ya yi yana yaro, na daman ma rabi-rabi ne. Ya ɓoye mana don kada mu ce bai cancanci aikin ba. Ta ce madubin nan su ne kunnuwansa. Ta ce ranar Laraba ya je shagon kayan babur bai sami irin wanda zai hau nasa ba, aka ce ya dawo Asabar. 

Yanzu yana gida, kwance a falo, ƙafa miƙe a kan matashi. Kullum ina zuwa, amma ba na iya zama minti goma. Da na zauna sai in miƙe in ce ana jirana. Ya ce shi ya yafe wa wanda ya sace, wataƙila yunwa ce ta sa shi. Yayata kuwa ta ce ita ba ta yafe ba, duk salla sai ta yi wa ɓarawon Allah ya isa, a gabana take faɗa tana zuba mini abinci. Matar nan ita ta riƙe ni tun ina shekara bakwai da mahaifiyarmu ta rasu. Ita ta yi mini wanka, ita ta kai ni makaranta, ita ta tsaya a kan aurena. Ba ni da wata uwa sai ita. Shekaranjiya kuma mijin nata ya miƙo mini makullin babur ɗin, wai in kai a gyara, don ba shi da wanda ya yarda da shi kamar ni.

A wurin aiki kowa da fatawarsa. Dogon nan ya ce ko madubi goma gare shi, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wani ya ce direban ne yake waya. Wani ya ce dama tsufa da babur ba sa haɗuwa. In na ji haka sai in ɗan sami sanyi, kafin in kai kwanar gaba ya gudu. Mai faci ne kaɗai bai ce komai ba. Shi ya ba ni sifanar. Tun ranar bai sake yi mini wasa ba, sai dai ya dube ni ya ci gaba da aikinsa.

Madubin suna cikin leda a ƙarƙashin gadona. Rannan matata tana shara ta kusa jawo su, na daka mata tsawa ba gaira ba dalili. Na taɓa ɗaukar su zan jefa a babbar kwata, na je har bakinta, na dawo da su. Na yi tunanin in ɗaura su a babur ɗin in ce sababbi na saya, to ƙaramar 'yarsa ta manna wani ɗan tauraro a bayan na hagun, da ya gani zai gane. Ina yawo a gari ba fasinja, in zaga shataletale sau biyu ban san inda na nufa ba.

Gwaggo, in faɗa ko in yi shiru? In na faɗa, na san yayata, tana iya cewa kada in ƙara taka mata gida. In na yi shiru, tunda shi ya riga ya yafe, ba shi ke nan ba? Ko kuwa yaudarar kaina nake yi? Ki gaya mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Naki,
Mai leda a ƙarƙashin gado

*

Ɗana,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na goge sunan garinku da na kasuwar da ka rubuta, sauran na bar ta yadda take. Ka nemi gaskiya, to ga ta: ka faɗa. Kuma cikin satin nan.

Amma kafin nan, sauke wani ɓangare na kayan da ka ɗora wa kanka, don ba duka ne naka ba. Ba ka san larurar kunnensa ba. Shi ya ɓoye ta, kuma ya hau titi kwana uku ya san ba shi da abin da yake dogara da shi, har yana ɗaukar 'ya'yan mutane a baya. Na fahimci dalilinsa, magidanci da bakuna biyar a gida ba ya son a ce masa koma ka zauna, amma kuskure ne. Direban ma da nasa kason. Ba kai ka karya masa ƙafa da hannunka ba, kuma ba mugunta ka nufa ba.

To, naka fa? Abin da ka yi ranar Talata wauta ce ta masu wasa, kowa na iya yin irinta. Laraba da Alhamis su ne laifinka. Ka ga fuskarsa, ka ga yana juya wuya, kayansa na hannunka, ka yanke wa kanka cewa kai ne malamin da zai gyara babban mutum. Wannan ba wasa ba ne, girman kai ne, kuma da sunansa za ka kira shi in ka je gabansa.

Maganar ya riga ya yafe kuwa, kada ka ɓuya a bayanta. Ɓarawo mai jin yunwa ya yafe wa, mutumin da babu shi. Kai bai yafe maka ba, don bai san akwai abin yafewa tsakaninku ba. Sannan ka dubi yayarka. Sau biyar a rana tana kai ƙarar yaron da ta raina da hannunta, ba ta sani ba, kai kuma kana zaune kana cin abincinta. Kana tsoron kada ka rasa ta, alhali yanzun ma minti goma ba ka iya yi a gabanta. Ga mai faci kuma. Bai yi magana ba tukuna, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma jin labarin daga bakinka daban yake da jin sa a bakin kasuwa.

Ga yadda za ka yi. Ka je da rana, lokacin da yara suke makaranta. Ka roƙi yayarka ta ba ku wuri. Ka zauna ta damansa, inda yake ji, kada ka sa shi ya ce maimaita. Ka fito da madubin ka ajiye a gabansa, ka faɗi abin da ka yi tun daga sifana har zuwa Alhamis. Kada kalmar amma ta fito daga bakinka, kada ka kawo zancen direba ko na tsautsayi. In ya yi shiru, ka bar shi da shirunsa, yafiya ba a ƙwatar ta. Daga nan ka kira yayarka ka gaya mata da kanka a ranar, kada ka bar wa mai jinya wannan aikin.

Za ta yi fushi, tana da hakki. Tana iya korarka. In ta kore ka, ka tafi ba gardama, washegari ka dawo ka kai yara makaranta, ranar komawa asibiti ka zo da abin hawa. Ba zan yi maka alkawarin kwana nawa za ta ɗauka ba. Abin da na sani, wadda ta yi wa yaro wanka yana shekara bakwai ba ta cika iya rufe masa ƙofa har abada ba.

In ƙura ta lafa, ku kai shi wurin likitan kunne, kuma kada ya koma ɗaukar fasinja sai likita ya ce ya koma. Wataƙila wata sana'ar ce ta fi dacewa da shi, ka taya shi nema. Larurarsa kuwa sirrinsa ce, ba ta shiga cikin hirar bakin kasuwa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne zai fi yi wa mai baki irinka wuya. Ka nemo madubin babur ɗinka da ka jefar shekara tara da suka wuce, ko ka sayi wasu, ka ɗaura. Ka je wurin tsayawarku da su, ka zaro hankici ka goge su a gaban kowa. Za su kira ka Amarya. Ka amsa.

Allah ya ba shi lafiya ya tashi kafaɗunsa, ya sanyaya zuciyar yayarka, kai kuma ya ba ka ƙarfin zama a gefen damansa har ka gama magana.

Gwaggonku