Ludayin da Kika Cusa Mini a Jaka

Zuwa ga Inna Uwa, Funtuwa.

Gaisuwa mai yawa daga Chidinma, 'yar maƙwabtanki da kika goya. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba Ɗanjuma da aikin masara?

Muna nan lafiya a Ingila, kada ki damu. Jikanki Onyedika ne dai yake haƙori. Ya ƙi abinci, da ya hango cokali sai ya kau da kai, ga dalala, ga rigima. Ya ɗan faɗa, ni ma haka, amma ba sosai ba. Nan ba mai karɓar miki yaro ki huta.

Shekaranjiya na dama kunun gyaɗa, na ɗauko ludayin nan naki. Ya kama bakin ludayin yana gurgura, kunu na wucewa kaɗan-kaɗan. Kusa da inda ya ciza akwai wani tsohon sawun haƙora. Ko ni ce na bar shi?

Yana sha na lumshe ido, sai ga mu a tsakar gidanki, gindin mangwaro. Ruwa ya ɗauke, ƙasa na ƙamshi, kina cewa, "Kawo shi nan, je ki kwanta."

Inna, har na miƙa miki shi.

Ki sa mana albarka.

'Yarki,
Chidinma